TARIHIN HIRAM PERCY MAXIM, UBAN ƘUNGIYAR MASU WAYAR ISKA NA SHA'AWA

A ƙasar Amurka, in za a yi wani babban taro na jama'a, kamar gudun fanfalaki ko tseren keke ko sukuwar dawaki ta cikin daji, a kan ga waɗansu mutane tsaitsaye a bakin hanya, ko wanne da 'yar wayar iskarsa a hannu. Ba 'yan sanda ba ne, ba kuwa mai biyansu ko anini. Ko wanne yana da sana'arsa, wani malamin makaranta ne, wani akawu, wani makaniki. Wayar iska sha'awa ce kurum gare su. Aikinsu a ranar shi ne su riƙa sanar da shugabannin taron inda kowa ya ke: ina na gaba ya kai, ina na baya ya tsaya, ina wani ya faɗi, wace motar asibiti ce ta fi kusa da shi. Wannan al'ada tana da asali, mutumin da ya kafa harsashinta kuwa shi ne Hiram Percy Maxim, wanda za mu ba da tarihinsa yau.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Hiram Percy Maxim a Brooklyn, wadda yanzu ta ke cikin birnin Niyok, ran 2 ga Satumba, 1869. Sunan Maxim ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta tarihin ƙasarmu, gama ubansa, Hiram Stevens Maxim, shi ne ya ƙago bindigar nan mai ruwa a 1884, irin wadda Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Uban ya ƙetare zuwa Turai a 1881, ya zauna a Ingila, ya bar matarsa da 'ya'yansa a Amurka, sa'an nan yaron yana da kimanin shekara 12. Daga baya uban ya zama ɗan ƙasar Ingila, har aka ba shi lambar girma a 1901.

Ko da ya ke yaron bai ƙarasa girma a gaban ubansa ba, ya ɗauko kaifin basirarsa, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya shiga babbar makarantar koyon fasaha ta Massachusetts, wadda a ke kira MIT, ya fita a 1886 bai ko cika shekara 17 ba. Daga nan ya kama aikin injiniya a kamfanoni dabam dabam.

A 1892 yana aiki a garin Lynn. Wata rana da dare yana dawowa daga garin Salem bisa keke, gajiya ta kama shi, sai tunani ya zo masa, ya ga cewa da za a ɗaura wa keke ɗan ƙaramin inji da mutum ya huta da tuƙi da ƙafa. Ya yi shekaru yana fama, har ya haɗa keke mai ƙafa uku mai tafiya da fetur. Kamfanin Pope na garin Hartford, a jihar Connecticut, masu ƙera kekuna, suka ɗauke shi aiki a 1895 suka danƙa masa sashen ƙera motoci. Daga hannunsa motocin nan masu suna Columbia suka fito, waɗansu na lantarki, waɗansu na fetur. A 1899 ya tuƙa ɗaya da kansa ya ci tsere a garin Branford. Kafin wannan, a 1898, ya auri Josephine Hamilton, 'yar wani tsohon Gwamnan jihar Maryland, suka haifi namiji da mace.

Ƙarar injin mota ita ce ta jawo hankalinsa ga binciken yadda za a kashe ƙara. A 1909 Gwamnati ta ba shi takardar mallakar wata na'ura da ya ƙago mai rage ƙarar bindiga, daga baya kamfaninsa ya koma ƙera salansa ta manyan injuna. Da wannan ya yi suna, ya sami abin hannunsa.

Yadda Ya Shiga Wayar Iska

Maxim ya kai shekara 40 kafin ya waiwayi wayar iska, ɗansa ne kuwa ya jawo shi. A zamanin nan babu gidajen rediyo masu watsa labarai da kiɗa kamar na yau. Abin da a ke yi shi ne buga saƙo da harshen tangaraho na Morse, watau ɗigo da ja, da wata na'ura mai tartsatsin wuta da ƙara kamar tsawa. Samari da yawa a Amurka sun haɗa irin nasu a gida, kowa yana bugawa yadda ya ga dama, ba doka ba tsari, har su kan tare wa jiragen ruwa hanyar magana.

Cikin Afrilu 1912 jirgin ruwan nan Titanic ya nutse, mutum kimanin 1,500 suka hallaka. Aka yi ta zargin masu wayar iska na sha'awa da cewa sun cika iska da hayaniya a kwanakin, har da labaran ƙarya. A shekarar nan Majalisar Amurka ta yi doka, ta ce ba mai bugawa sai da lasin, ta kuma tsare 'yan sha'awa a kan mita 200 zuwa ƙasa. Masana na lokacin suna zaton wannan gajeren zango ba ya kai saƙo nesa, saboda haka ganin mutane da yawa shi ne an kore su ke nan cikin ladabi.

Dare Ɗaya A 1914

Maxim yana da tasha mai ƙarfi a gidansa a Hartford. Wani dare a farkon 1914 ya nemi ya aika da saƙo ga wani mutum a garin Springfield, nisan mil 30 kaɗai, kusan kamar daga Kano zuwa Wudil. Ya buga, ya buga, shiru. Sai ya tuna da wani mai tasha a Windsor Locks, wani gari da ke tsakani. Ya kira shi ya ba shi saƙon, shi kuma ya miƙa gaba, saƙo ya isa.

Irin wannan ya sha faruwa ga waɗansu, amma Maxim ne ya tsaya ya yi tunani a kai. Ya ga cewa tasha ɗaya komai ƙarfinta tana da iyaka, amma in tashoshi sun san juna, sun san inda ko wace ta ke da lokacin da mai ita ya ke zama bakin aiki, to, saƙo zai iya ratsa ƙasa duka hannu da hannu, kamar yadda manzannin sarakuna su kan yi a da, wannan ya kai gari ya miƙa wa wancan. Ran 6 ga Afrilu, 1914, ya kawo shawarar gaban kulob ɗin masu wayar iska na Hartford, aka yarda. Nan aka haifi Ƙungiyar Miƙa Saƙo ta Wayar Iska ta Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta da ARRL.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Maxim injiniya ne, amma abin da ya fara yi wa ƙungiyar nan aikin akawu ne tsantsa. Shi da magatakardan kulob ɗin, wani saurayi ɗan shekara 17 mai suna Clarence Tuska, suka tsara takardar cikewa, suka aika wa duk mai tashar da suka san adireshinsa. Da amsoshi suka dawo suka bi su ɗaya ɗaya, ba su karɓi kowa ba sai wanda ya gwanance. Zuwa Satumba 1914 tashoshi fiye da 230 sun shiga rajista. Aka buga littafi mai ɗauke da sunan ko wane mai tasha, da garinsu, da lambar kiransa, da ƙarfin na'urarsa, da nisan da ta ke kaiwa, da sa'o'in da a ke samunsa. Aka haɗa da taswirori da takardun rubuta saƙo iri ɗaya ga kowa. Da wannan littafi da taswira mutum zai zauna a ɗakinsa ya zana hanyar da saƙonsa zai bi tun kafin ya buga.

Zuwa Maris 1915 tashoshi sun kai 600. A Disamba na wannan shekara Maxim da Tuska suka fara buga mujalla mai suna QST da kuɗin aljihunsu. Sunan wata alama ce a harshen tangaraho mai nufin kira ga dukan tashoshi. A 1916 Maxim ya shata manyan gwadabe shida na miƙa saƙo, waɗansu gabas da yamma, waɗansu kudu da arewa, ko wanne da shugabansa mai lura da shi. A Fabrairu 1917 aka aika da saƙo daga Niyok zuwa Los Angeles, amsa ta dawo cikin awa ɗaya da minti 20.

Yaƙi Da Abin Da Ya Biyo Baya

Ana cikin haka, a Afrilu 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. Gwamnati ta ba da umurni a rufe dukan tashoshin 'yan sha'awa, a sauke wayoyin da suka ɗaura bisa gidaje. Amma sojan ruwa da na ƙasa suna bukatar masu buga waya da gaggawa, ba kuwa lokacin koyar da sababbi. Sai ga rajistar Maxim ta yi rana. Dubban 'yan sha'awa suka shiga soja, ko wanne ya zo da gwanintarsa a hannu. Tuska ma ya tafi, mujallar ta tsaya.

Da aka tsai da yaƙi a Nuwamba 1918, sai wani haɗari ya taso wanda ya fi na da. Aka kawo shirin doka gaban Majalisa wanda zai danƙa dukan harkar wayar iska a hannun sojan ruwa. Da ya wuce, da sha'awar ta mutu ke nan. Galibin 'yan ƙungiya kuwa suna bakin daga ko barikoki, ba su da bakin magana. Maxim ya tafi Washinton ya tsaya gaban kwamitin Majalisa ya kare su. Ƙungiyar kuma ta aika wa iyalansu takardu, iyaye da 'yan'uwa suka yi ta rubuta wa wakilansu wasiƙu, har shirin dokar ya faɗi.

A farkon 1919 abin da ya rage a asusun ƙungiyar dala 33 ne kacal. Aka nemi rance daga 'yan ƙungiya, aka tara kimanin dala 7,500, aka sayi mujallar daga hannun Tuska, aka ci gaba da bugawa. Duk da haka hani bai tashi gaba ɗaya ba, sai da aka yi ta kai da kawowa, sa'an nan kafin ƙarshen 1919 aka ba su izinin komawa bugawa.

Gajeren Zango Ya Ba Da Mamaki

Bayan yaƙi aiki ya ƙara kyau. A Janairu 1921 aka shirya gwaji, sauran tashoshi suka yi tsit don su ba da hanya. Saƙo ya tashi daga tashar Maxim, mai lamba 1AW, ya bi ta Shikago, ya bi ta Roswell a jihar New Mexico, ya isa Los Angeles, nisan mil kimanin 2,500, amsa kuma ta biyo hanyar ta dawo Hartford, duka cikin minti shida da rabi.

A Disamba 1921 ƙungiyar ta aiki Paul Godley zuwa Ardrossan, a gaɓar tekun Sikotilan, ya kafa tanti cikin sanyi da ruwan sama, ya ji tashoshin 'yan sha'awa fiye da 20 daga Amurka. A Nuwamba 1923 Fred Schnell da John Reinartz, dukansu a Connecticut, suka yi magana da Léon Deloy a garin Nice na Faransa, kowa na jin kowa, a kan mita wajen 100. Ashe wurin da aka tura su don a rabu da su nan ne albarka ta ke. Gajeren zangon nan shi ne daga baya manyan gidajen rediyo na duniya suka riƙa aiko mana da shirye-shiryen Hausa a kansa.

A 1923 ɗin nan kuma wani mai binciken ƙasa, Donald MacMillan, ya nufi ƙasar ƙanƙara ta arewacin duniya cikin ƙaramin jirgin ruwa mai suna Bowdoin. Ƙungiyar ta ba shi ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Don Mix, ya tafi da wayar iska. Jirgin ya ci hunturu cikin ƙanƙara a arewacin Girinlan, 'yan sha'awa kuwa suna zaune a gidajensu suna karɓar labarin inda matafiyan su ke da halin da su ke ciki, suna miƙa wa jaridu da iyalansu. Masu irin wannan tafiya a da, in sun tafi sai dai a zuba ido, ko su dawo ko a ji shiru.

Da saƙo ya fara ƙetare teku, Maxim ya ga lalle a haɗa kan ƙasashe. A Afrilu 1925 aka taru a birnin Faris aka kafa ƙungiyar 'yan sha'awar wayar iska ta duniya, IARU, aka zaɓe shi shugabanta na farko. A babban taron ƙasashe kan wayar iska da aka yi a Washinton a 1927 aka amince da 'yan sha'awa, aka keɓe musu nasu wuraren a iska.

Halinsa

Maxim mutum ne mai raha, amma ba ya wasa da tsari. Ya daɗe yana rubutu a mujallar QST da sunan aro mai ma'anar Tsoho, yana yi wa masu hayaniya a iska da masu sakaci da saƙon mutane faɗa cikin ba'a. Galibin masu karatu ba su san shi ne ba sai bayan rasuwarsa. Ra'ayinsa shi ne, tun da iska ta jama'a ce, wanda aka ba izinin amfani da ita wajibi ne ya biya da hidima. A kan wannan hujja ya riƙa kare 'yan ƙungiyarsa gaban hukuma.

Hidimar kuwa ta bayyana. A Nuwamba 1927 ambaliya ta ci jihar Vermont, ta yanke wayoyi da gadoji, 'yan sha'awa ne suka haɗa waɗansu garuruwa da sauran duniya. Haka kuma aka yi a girgizar ƙasa ta Long Beach a 1933. A wannan shekara aka fara wata rana ta musamman da su kan kwashi kayansu su fita fili su gwada aiki a inda babu gida babu wutar gari, ana kuwa yinta har yau ko wane watan Yuni. A 1935 ƙungiyar ta kafa sashen agajin gaggawa.

Ban da wayar iska, Maxim ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar sinima na sha'awa a 1926, ya kuma yi nisa cikin ilmin taurari, ya rubuta littattafai, ciki har da na labarin ƙuruciyarsa da ubansa da na farkon zamanin mota.

Rasuwarsa

A farkon 1936 ya tafi Kalifoniya don ziyarar wurin duban taurari na Lick. A hanya ciwo ya kama shi cikin jirgin ƙasa, aka sauke shi a garin La Junta na jihar Colorado, nan ya rasu ran 17 ga Fabrairu, 1936, yana da shekara 66. Aka binne shi a Hagerstown, garin su matarsa. Wata guda bayan haka babbar ambaliya ta auka wa gabashin Amurka, ta lalata tashar ƙungiyar ta Hartford, amma 'yan ƙungiya suka yi aikin da ya koya musu dare da rana. Aka gina sabuwar tasha a Newington don tunawa da shi, aka ba ta lambarsa, W1AW, aka buɗe ta ran 2 ga Satumba, 1938, ranar da ta yi daidai da ranar haihuwarsa. Har yanzu tana aiki.

Abin Da Ya Bari

Taswirar Maxim ta takarda ce, tashoshinsa kuma a kafe su ke cikin gidaje. Wanda ya sa taswirar ta yi motsi wani ɗan sha'awa ne mai suna Bob Bruninga, wanda ya daɗe yana aiki a makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis, ya rasu a 2022. A 1982 ya rubuta manhajar da ke nuna inda jiragen ruwan soja su ke a taswirar kwamfuta. A 1984 ya yi amfani da irin wannan dabara wajen bin sawun dawaki a wata sukuwa ta mil 100. Da na'urar GPS, mai gane wuri ta hanyar taurarin ɗan'adam, ta yi araha, sai tsarin ya bazu, aka san shi da sunan APRS tun daga 1992.

Ga yadda ya ke aiki. A kan ɗaura wa mota ko keke na'urar GPS haɗe da ƙaramar wayar iska. Bayan ko wane ɗan lokaci sai ta aika da gajeren saƙo da kanta, mai ɗauke da lambar kiran mai ita da wurin da ta ke. Waɗansu tashoshi da aka kafa bisa duwatsu da dogayen gine-gine su karɓa su sake watsawa gaba, har saƙon ya isa ga kwamfutar shugabannin taro, ta ɗiga alama a taswira. Mai lura da taro yana zaune zai ga motar da ke gaban 'yan tsere, da wadda ke bin na ƙarshe, da motocin asibiti, ko wace tana tafiya bisa taswira. In wani ya faɗi a mil kaza, ba sai an yi ta tambaya ba, an riga an san wa ya fi kusa. Wannan kuwa yana yiwuwa har a dajin da wayar hannu ba ta kamawa. Mai karatu zai ga cewa tashar bisa dutse ba wani aiki ta ke yi ba illa wanda mutumin Windsor Locks ya yi wa Maxim a 1914.

To, jama'a, musamman ma'aikatan ofis da malaman makaranta, akwai abin dubawa cikin tarihin mutumin nan. Sau da yawa a kan raina aikin cika takarda da gyara rajista da zana taswira, a ga kamar wahala ce marar lada. Amma samarin 1912 suna da na'urori, suna da gwaninta, duk da haka saura kaɗan a hana su aiki har abada, don ba wanda ya san inda ɗan'uwansa ya ke. Rajista da taswira da riƙon amanar saƙo su ne suka mai da su mutanen da Gwamnati ke nema ran wuya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannuwa da yawa ma ba za su ɗauka ba sai kowa ya san gefen da zai kama. Allah ya ba mu ikon riƙe namu gefen da gaskiya.